Shekarar da muka kwarfe ramin Inna

Shekarun baya can, tun ƙasarmu tana ƙarƙashin Kano, tun ban san abin da ake kira ciwon gwiwa ba, muna da wata 'yar fadama a bayan ƙauyenmu ta wajen Zandam, a ƙasar Gwaram. Shinkafa muke shukawa a ciki, jar nan mai kauri wadda 'yan yanzu za su ce ba ta da kyan gani a faranti. A ƙarshen gonar, ta inda ƙasa ta yi kwari, akwai wani rami mai zurfi a gindin giyayya. Marigayi mahaifina ne ya haƙa shi, kowace shekara yana ƙara masa faɗi, har ya zama duk tsananin rani ba ya ƙafewa. Gonar ni na gada, amma ramin kowa ya san na mahaifiyata ne. Ramin Inna ake ce masa a garin.

Inna 'yar masunta ce daga bakin kogi, aure ya kawo ta cikin manoma. Da ta ga ba kogi a kusa, sai ta sa aka yi mata nata. Tarwaɗa da karfasa ne a cikin ramin, da wasu ƙananan jatan lande da 'yan'uwanta suka taɓa kawo mata a tulu. Da damina, idan ruwa ya kwanta a gona, sai ta buɗe wata 'yar magudana tsakanin ramin da shinkafar, kifin ya fantsama cikin gindin shuka yana cin tsutsa da ƙwari, kashinsa kuma ya zama taki. Idan ruwa ya fara janyewa, su da kansu suke bin magudanar su koma rami. A bakin inda ruwa yake fita daga gonar tana kafa asabari, ruwa ya wuce, kifi ya tsaya.

Ciyar da su ma aiki ne da ba ta yarda kowa ya taya ta. Dusar gero take watsa musu da sassafe, wani lokaci ta fasa suri ta ɗebo gara, wani lokaci ta ɗaure busasshen kashin shanu a tsohon kwando ta nutsa shi a gefe don ruwan ya yi kore-kore. Amma kafin ta watsa komai sai ta tsuguna ta duba ruwan, ta ɗebo a tafin hannu ta sansana. Idan ya yi duhu ko ya fara wari, ko ta ga kifi ya taso sama yana buɗe baki, to ranar azumi za su yi. Jatan landen nan su ne 'yan rahotonta: da zarar ta ga sun fara hawa saiwar giyayya suna barin ruwa, ta san abin ya ɓaci, sai ta buɗe wa sabon ruwa hanya. Na taɓa yi mata gwaninta ina saurayi, na juye musu dusa ƙwarya guda don su yi saurin ƙiba. Kwana biyu muna shan warin ramin, ni kuma na fi mako ban bi ta ƙofar ɗakinta ba.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu, don 'yan zamani ba lallai su gane ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma ni kaɗai ne namijin da ya rayu mata. Ƙannena mata duk an kai su gidajen aure a wasu garuruwa. A wurin mutanenmu na da, uwa tana jin nauyin ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama mu yi hira, ba ta yaba mini, ba ta nuna ta damu da ni a gaban kowa. Kafin in yi aure, da bango ko da tukunya take magana idan tana so in ji. Da na yi aure sai ta samu sauƙi, ta mai da matata masinja. Muna tsakar gida ɗaya, ina jin ta tana ji na, amma sai ta ce, "Ki ce wa mutumin naki rufin rumbu yana yoyo." Matata kuma, da yake ita ma ba ta rasa tsokana, sai ta juyo ta maimaita mini kamar ban ji ba.

A shekarun nan ne kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa, gwamnati ta ɗauko shimfiɗa kwalta ta ko'ina. Samarin garinmu suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Abokina, wanda muka yi kaciya tare, yana cikin na farko da suka tafi Birnin Kudu suka shiga aikin hanya. Da ya zo ganin gida farkon damina, sai ga shi da agogo a hannu da rediyo a kafaɗa, yana ƙamshin sabulun kanti. Ni da ban iya duba lokaci ba sai da inuwa, na kwana ina tunanin agogon nan. Ya ce mini shugaban leburorinsu mutuminsa ne, da ya yi magana za a ɗauke ni. Abin da bai ɓoye mini ba shi ne, aikin hanya tafiya yake yi: yau kuna nan, gobe an ƙara gaba, kuma cikin waɗanda suka bi shi kaɗan ne suka dawo suka zauna.

A tsakar gidanmu na ba shi amsa. Na ce ya bari mu ga damina. Idan shinkafa ta yi, ina nan. Idan ta ƙi, da kaka zan biyo shi, don ba zan zauna da uwa da mata mai ciki a kan rumbu wayam ba. Inna tana gefe tana tankaɗe. Ba ta ɗago kai ba, ba ta ce wa matata ta ce mini komai ba. Na dai lura ta daɗe tana tankaɗen garin da ya riga ya tankaɗu.

Daminar ta fara kamar abin arziki, sai ta zo tsakiya ta ɗauke. Dattawa har yau idan ana zancen fari ita suke fara ambata. Geron tudu ya tsaya iya ƙugu ya bushe a tsaye. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita, hadari ya taso ya yi baƙi mu yi ta murna, iska ta zo ta watsa shi. Abin da ya rage mana a duniya shi ne shinkafar fadama, ita kuma a lokacin ta ɗauki ciki, ta kusa fitar da kai. Duk manomi ya san wannan ne lokacin da ba ta haƙuri da ƙishirwa. Idan ta rasa ruwa a nan, za ta fitar da kai ka ga kamar abin kirki, ka murza ka ji holoƙo.

Ruwan gonar ya janye da wuri, kifi ya koma rami tun lokacinsa bai yi ba. Ƙasa ta fara tsagewa a gindin shuka, ganye yana nannaɗewa da rana. Inna ta daina ba kifin dusa ɗungurungum, ta ce ruwan da ba a sabunta shi ba ya ɗaukar abinci. Ta sa na saro mata kaba muka rufe rabin bakin ramin don rana ta rage shan sa. Kullum da safe za mu haɗu a can, ni ina zagaya shinkafa ita tana tsugune bakin ruwa, kowa da abin da yake jinya. Tsakanin ramin da fangalin farko bai fi ka miƙa wa mutum ƙwarya ba.

Ba sai an gaya mini ba, na san ruwan da zai ceci shinkafar nan yana cikin ramin. Na kuma san idan aka taɓa shi, kifin ya ƙare ke nan, don an ce kogin garinsu Inna ma ya koma yashi, ba inda za a samo wani iri. Ramin nan shi ne abin da ya rage mata na gidan ubanta da na mijinta a haɗe. Matata ta ce in daure in tambaye ta. Na ce da wane bakin? Matar da ko sunana ba ta kira, ni ne zan je in ce ta ba ni abin da ta fi so a duniya? Kuma in faɗi gaskiya zuciyata biyu ce a lokacin. Rabi tana kukan shinkafa, rabi ta riga ta hau mota ta nufi Birnin Kudu.

Wata safiya na dawo daga masallaci, matata ta tare ni a zaure ta ce Inna ta fita tun da duhu-duhu, kuma ta ɗauki babban masakin da ake jiƙa gero a ciki. Na bi ta. Tun daga nesa na jiyo ƙarar zubar ruwa. Na iske ta cikin ramin, ruwa har gwiwa, ta tattare zani, ta janye kabar gefe guda. Tana cika masakin, ta ɗaga da ƙyar, ta juye a magudana, ruwan ya gangara cikin tsagin ƙasa ya ɓace kamar ba a zuba ba.

Ranar na karya al'ada, na yi mata magana kai tsaye.

"Inna, idan muka kwarfe shi ba inda za ki samu wasu. Kuma ba tabbas shinkafar ta tashi. Kada mu yi biyu babu."

Ba ta kalle ni ba. Giyayyar ta kalla, ta ce, "Ana ta tsaye ana surutu, rana kuwa tana fitowa. Ruwan da ya yi zafi dafa shuka yake yi."

Na cire riga na shiga. Na karɓi masakin daga hannunta, ita ta koma bakin magudana tana gyara wa ruwa hanya da 'yar fartanya. A nan ma ba ta bar ni na yi yadda na ga dama ba. Ta gaya wa iska cewa daga sama ake ɗiba a hankali, ba a dama laka, don kada a shaƙe kifin tun kwanansa bai ƙare ba. Ta ce fangulan da ke kusa kaɗai za a ba, na can sama a bar wa Allah, don wanda ya ce zai shayar da duka ba zai shayar da ko ɗaya ba. Da hantsi ya yi ta ce a tsaya, sai kuma da la'asar sakaliya.

Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki. Maƙwabta biyu suka shigo mana da nasu ƙoren, bisa cewa za a ba su kifi. Bayana ya riƙe, tafin hannuna ya yi kanta, tarwaɗa ta soke ni a ƙafa har na yi ƙarar da aka daɗe ana yi mini dariyarta a garin. A hankali ganyen shinkafa ya fara warwarewa, koren ya dawo. Shi kuwa ramin kullum ƙasa yake yi. Jatan landen ne suka fara fita, suka hau saiwar giyayya suka yi cirko-cirko, da rana ta yi suka bushe a wurin. Shekara da shekaru idan suka yi haka Inna tana da abin da za ta yi musu. Wannan karon ta tsaya ta dube su, sannan ta sa bakin zaninta ta kakkaɓe su a ƙwarya ta kai gida.

Daga baya karfasa suka fara tasowa suna juya ciki. Ranar ƙarshe ba sauran ruwa sai laka mai kauri, tarwaɗa suna ta birgima a ciki. Yara da manya suka shiga kamu da hannu, ana ihu ana dariya, don a shekarar yunwa ganin kifi haka biki ne. Ban ga laifinsu ba. Inna dai ba ta shiga ba. Ta zauna a kan saiwa ta miƙe ƙafa, duk wanda ya fito da babba sai ta bi shi da ido. Wasu daga ciki ta san su ɗaya-ɗaya, har da wani mai yankakken gashin baki da ta ce tun mahaifina yana da rai yake nan. Matata ta roƙa aka ware 'yan ƙanana aka sa a randa ko za su kai baɗi. Rijiyar gari a lokacin layi ake yi mata, ruwan sha ma da ƙyar, ba a samu na sauya musu ba. Ba su yi nisa ba suka mutu.

Inna ta raba wa maƙwabta nasu, ta aika gidajen da ta san ba a ɗora tukunya, sauran ta kyafe su a bayan ɗaki. Kwana uku gidanmu yana ƙamshin kifi. Da safe sai in ga ta tashi ta nufi inda take ajiye dusa, ta tsaya, ta dawo ta zauna. Wannan abin ya fi komai taɓa ni har yau.

Fangulan sama sun tafi kamar yadda ta faɗa, holoƙo muka yanka wa awaki. Na ƙasa kuwa suka yi nauyi har suka sunkuya. Da muka yanke muka buge, rumbu bai cika ba, amma na duba na ga idan aka yi tattali, aka haɗa da 'yar rogo da ganye, zai kai mu sabuwar damina. Wata ranar kasuwa abokina ya zo a motar aikinsu, ya ce in ɗauko tabarmata, gurbi yana jira. Na kai shi bakin rumbu na buɗe masa. Na ce ai magana na yi a gabansa, shinkafa ta yi, ina nan. Ya yi mini kallon wanda aka yi wa asiri, ya ce wannan ce shinkafar da ta yi? Muka yi sallama, ya tafi. Na tsaya ina kallon motar har ta sha kwana, kuma ba zan ce ban ji komai ba.

Da magariba matata ta dafa sabuwar shinkafa, ta yi miya da kyafaffen kifin, ta daka jatan landen nan a ciki. Ban taɓa cin abinci mai daɗinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Ina zaune a ƙofar ɗakina, zana ce kawai tsakanina da su. Na ji matata ta ajiye wa Inna akushi, can sai ta ce, "Inna, ba ki taɓa miyar ba."

"Gayan ya ishe ni," in ji Inna. "Ɗauke ki kai masa ya ƙara."

"Ke da kifinki, Inna?"

"Kifin da ya riƙe mini mutum a gida, ba na iya sa shi a baki."

A hankali ta faɗa, amma ta san ina ji, don ta fi kowa sanin kaurin zanar nan. Loma tana hannuna na kasa kai ta baki. A duk zamanmu da ita, wannan ce magana mafi kusa da "kada ka tafi" da ta taɓa yi mini, ita ma sai da ta bi ta hannun wata.

Da damina ta dawo ramin ya cika, amma kwaɗi ne suka gaje shi. Bayan shekara biyu kogi ya farfaɗo, na ce zan je in samo mata iri. Ta ce wa matata ta ce mini bayanta ba zai ƙara ɗaukar tsuguno ba, a bar shi. Ban sani ba ko bayan ne da gaske. Ta rayu wasu shekaru bayan haka, ta goya 'ya'yana uku, kuma su ta kira sunansu har da na wasa, ta rama a kansu duk abin da ba ta yi mini ba. Ni kuma ban ƙara zancen tafiya ba. Ina nan ina noman shinkafata har ranar da ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba.

Yanzu fadamar tana hannun jikoki. Sun kawo injin ban-ruwa, sun cike ramin don su ƙara fili, giyayyar ma an daɗe da sare ta. Ban hana su ba, zamaninsu ne. Wani daga cikinsu yana kiwon tarwaɗa a kwamin siminti a Birnin Kudu, yana sayen abincinsu a buhu, idan ya zo yakan kawo mini, ina kuma ci in sa albarka. Sai dai wani lokaci da sassafe, idan na ji ƙamshin laka bayan ruwan farko, kewarta takan taso mini kamar jiya aka yi. Ba wani abu babba nake marmari ba. So nake in ƙara jin ta daga bayan zana tana aiko mini da saƙon da na riga na ji.

Abokina kuwa Allah ya yi masa buɗi. Daga lebura ya zama direba, daga direba ya mallaki motoci, ya je Makka ba sau ɗaya ba. Da ya tsufa ya dawo gida ya gina soro mai bene. Shekara da shekaru idan muka zauna sai ya tsokane ni, ya ce ga wanda ya sayar da arzikinsa a kan akushin shinkafa. Ni ma nakan taya shi, in ce ai da na bi shi da yanzu ni ne nake ba shi aron mota. Wata rana muna zaune a ƙofar gidansa bayan la'asar, ya fara tsokanar kamar kullum, sai ya tsaya a tsakiya. Ya daɗe yana juya carbi.

"Kai dai da hannunka ka sa taka uwar a kabari," ya ce. "Ni rasuwar tawa a bakin wani direban tifa na ji, bayan an yi sadakar uku."

Na so in ce masa ba wayona ba ne, saya mini aka yi, kuma da tsada. Amma na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na bar maganar a cikina, muka zauna har aka kira magariba.